Saiwar Albasa a Gindin Randa

Albasa guda ce ta suɓuce daga kwando ta gangara bayan randa, ba wanda ya lura. Wurin kuwa ba ya rabuwa da laima, don randar tana tsatsa, ga yara da ba sa ɗiban ruwa sai sun zubar da rabin moɗa. Sai da ta kusa mako a nan uwargida ta zo shara ta zaƙulo ta da tsintsiya. Ta fitar da saiwoyi farare fat, siri-siri, sun fi ashirin, sai ka ce gemun bunsuru. Mafi tsawonsu ya kai ɗan yatsa.

"Malam, ka ga asara ko?" in ji ta. "Da tsadar nan ta albasa."

Na karɓa ina jujjuyawa. Babu ƙasa a wurin nan, babu taki, rana ma ba ta leƙa shi. Duk gemun nan daga cikin albasar ya fito, shi ya sa da na matsa ta na ji ta ɗan saki, ba tauri irin na 'yan'uwanta na kwando. Ta ci kanta ne ta yi saiwa. Da yamma na nuna wa maƙwabcina, wanda ke koyar da kimiyyar halittu a wata sakandare, ya yi dariya ya ce ai kayan darasi na tsinto, in biyo shi makaranta gobe in ga abin da idona bai taɓa gani ba.

Aikin bai da wuya, sai dai yana son hannu mai sanyi. Ya sa reza ya yanke kan saiwa ɗaya, guntun da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya jiƙa shi a ruwan asid mai ɗumi har ya yi laushi, ya ɗiga masa jan rini, ya rufe shi tsakanin gilasai biyu, sannan ya danna da babban yatsa kamar mai dangwala ƙuri'a. Ya sa a ƙarƙashin madubin likita, ya murɗa, ya murɗa, ya matsa gefe ya ce in leƙa.

Katangar bulo na gani. Layi-layi, ɗaki kusa da ɗaki, kowane da ɗigon ja a tsakiyarsa. Ɗakunan nan su ne ƙwayoyin halitta, waɗanda da su aka gina albasa da akuya da ni mai leƙen. Mafi yawansu ɗigon nasu a dunƙule yake, sumul, ba abin kallo. Sai can jefi-jefi, da wuya ka sami ɗaya cikin goma, ka ga wadda ɗigonta ya rikiɗe ya zama gajerun zaruruwa masu kauri. A wata sun cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana, a wata sun jeru a tsakiya kamar sahu, a wata kuma sun rabu gida biyu, kowane rukuni ya nufi bangonsa, kamar an ja su da igiya. Zaruruwan nan goma sha shida ne a albasa, arba'in da shida a mutum. Kada ƙarancin ya sa ka raina ta, domin rubutun gadon da ke cikin na albasa ya ninka namu kusan sau biyar. Wani Bajamushe, Walther Flemming, shi ya bi wannan rawa daki-daki a jikin wata dabbar ruwa mai kama da ƙadangare, ya buga littafinsa a 1882, kuma sunan da ya raɗa wa rabuwar daga kalmar Girkanci mai nufin zare ya ɗauko shi.

Maƙwabcina ya nuna mini wadda zaruruwanta suka jeru, ya ce, "Wannan ta rufe littafi, ta ɗaure." Maganar nan ita ta biyo ni gida.

Mu dai in aka ce furotin, hankalinmu kan nama da wake da ƙwai yake tafiya, abin da ma'aikaciyar asibiti ke cewa a riƙa ba yaro. A cikin ƙwayar halitta kuwa furotin shi ne ma'aikaci, shi ne kuma kayan aiki. Abin da ke ɗaukar iska a jini furotin ne, abin da ke narkar da tuwo a ciki furotin ne, igiyoyin da na ga suna jan zaruruwan nan su ma furotin ne. Iri dubbai, kowane da fasalinsa. Yadda ake yin su kuma bai fi kama da komai ba sai shagon tela. Akwai babban littafin awo, wanda ba ya fita daga ɗakin ciki: shi ne DNA. In za a ɗinka riga ba littafin ake ɗauko wa mai keke ba, 'yar takarda ake yaga a kwafe awon mutum ɗaya a maƙala wa yadinsa. Takardar nan ita ce mRNA, wadda sunanta ya shiga kunnen jama'a lokacin rigakafin korona. Kekunan ɗinkin su ne ribosom, miliyoyi a ƙwaya ɗaya ta jikin mutum, kowane yana bin takarda yana jona guntayen amino asid, biyar ko shida a daƙiƙa. In aka gama da takarda a yage ta.

To, a ce shagon nan za a raba shi biyu, kamar yadda wa da ƙane kan raba in kowa ya kawo ƙarfi. Kafin ranar, sai komai ya ninku: kekuna, yadi, almakashi, littafin ma sai an kwafe shi kaf, shafi bayan shafi. Wannan shi ke cinye yawancin lokaci. Ƙwayar mutum da ake reno a ɗakin bincike takan yi kamar awa 24 daga rabuwa zuwa rabuwa, amma rabon kansa bai fi awa guda ba. Ko a cikin shirin ma ba a ɗinki barkatai. DNA ɗin ƙwaya ɗaya in aka miƙe shi ya kai mita biyu, don haka a kan wasu furotin masu kama da kwarkwaro ake naɗe shi. Su kwarkwaron nan ana tuttuɗo su ne daidai lokacin da ake kwafar littafi, ana gama kwafa kuma sai a yayyage takardunsu cikin mintoci.

Ranar rabo ita ce mai wuyar sha'ani. Zare mai tsawon mita biyu ba ya rabuwa a warware, sai ya tsinke ko ya sarƙe. Dole a naɗe shi tam, a ƙudundune, shi ne gajerun zaruruwan da na gani. Littafin da aka ɗaure haka kuwa ba ya karantuwa. Kwafar sababbin takardu takan ja baya ƙwarai, ta kusa tsayawa. Bangon ɗakin ciki ya rushe. Wurin da ake harhaɗa sababbin kekuna shi ma ya watse, sai bayan rabo a sake kafa shi. Abin da ya rage a shago shi ne tsofaffin takardun da aka riga aka rubuta, da kekunan da ke nan. Sai tambaya ta taso: a wannan awa guda, ɗinki ake yi ko zama?

Shekara da shekaru amsar littattafan makaranta ita ce zama ake yi. A 1970 Hung Fan da Sheldon Penman a Amurka suka auna a ƙwayoyin wata dabba dangin ɓera, suka ga yin furotin ya faɗi zuwa kusan kashi 30 cikin ɗari na yadda aka saba, kuma matsalar a wajen ɗora takarda kan keke take. Maganar ta zauna daram, don tana da daɗin ji: ana rabo, kowa ya ajiye aiki. Amma akwai lauje cikin naɗi. Da yake ƙwayoyin da ke tsakiyar rabuwa kaɗan ne a kowane lokaci, yawancin masu binciken farko magani suke sawa ya tsayar da su cak a nan, su yi awoyi, har su taru da yawa a auna. Ƙwayar da aka tsare awa goma a ƙofar da ta saba wucewa cikin mintoci kuwa ba a hayyacinta take ba. Kamar ka je ƙidayar ciniki a kasuwar Kurmi ranar da aka sa dokar hana fita, ka dawo ka ce Kanawa ba sa saye da sayarwa.

Da aka sami hanyoyin da ba sa takura ƙwayar haka, sai lissafi ya sauya. Wani bincike da aka yi a San Faransisko aka buga a 2015 ya sami raguwar kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai. A 2019 kuma wasu a jami'ar MIT suka yi abin da ya fi burge ni: sikeli suka yi amfani da shi, ɗan mitsitsin da ke auna nauyin ƙwaya ɗaya tilo, tana wucewa ta cikinsa tana dawowa. Suka ga a farkon rabuwa nauyinta ƙaruwa yake yi, ɗinki na tafiya. Sai zaruruwa sun jeru a tsakiya za a ja su sannan ƙaruwar ke tsayawa, ana gab da datse ƙwayar biyu kuma ta dawo. Ashe hutun gajere ne, kuma yana da gurbinsa.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken 2015 ba yawan raguwar ba ne, zaɓen da ke cikinta ne. Takardu wajen 200 aka ware daban, akasarinsu aka danne su fiye da saura. Kowace takarda tana da 'yar alama a ka, masana ma hula suke ce mata, ta nan hannun da ke kai ta keke yake kamawa, akwai kuma mai riƙe hannun ya hana shi kamawa sai an ba da izini. Ta irin waɗannan ƙofofi ƙwaya ke rage ɗinki gaba ɗaya, ko ta ce wannan a yi, wancan a dakata. Cikin waɗanda ake dannewa akwai takardar wani furotin mai suna Emi1. Aikinsa a sauran lokaci shi ne ya riƙe mai rushe-rushen shago kada ya yi ɓarna. Ranar rabo kuwa mai rushe-rushen ake nema, don haka sai a kawar da Emi1 ɗin da ke nan, a kuma hana ɗinka sabo. Rufe ƙofa da ƙulli biyu ke nan.

Shi wannan mai rushe-rushe, labarin gano amfaninsa ya faro ne daga ƙwan bushiyar teku, wata halitta mai ƙaya ko'ina a jiki da ke zaune a ƙasan ruwa. Tim Hunt, Baturen Ingila daga Kambirij, yakan je koyarwa lokacin hutun bazararsu a wata cibiyar binciken halittun ruwa da ke Woods Hole, a gaɓar gabashin Amurka. Shi ba rabuwar ƙwaya ce sana'arsa ba, abin da ya dame shi shi ne yadda ake buɗe ɗinkin furotin da rufe shi. Ƙwan bushiyar teku kuwa wurin kallon wannan ne, domin uwa takan cika shi da takardu ta ajiye, kekuna na zaune shiru, sai maniyyi ya shiga sannan shago ya kaure da aiki. A watan Yulin 1982 ya barbari ƙwayayen, ya zuba musu wani amino asid mai alama, irin wadda ke barin tabo a fim ɗin hoto, yadda duk furotin da aka ɗinka sabo zai nuna kansa. Duk minti goma ya ɗebi kaɗan ya ajiye. Da ya jera su ya wanke fim, kowane furotin ya fito kamar ɗan layi, kuma layukan suna ƙara duhu da tafiyar lokaci, yadda hankali zai ɗauka: ana ɗinkawa, ana tarawa. Ban da guda ɗaya. Shi wannan ya yi duhu, ya yi duhu, ana gab da ƙwan ya rabu biyu sai ya ɓace ɓat. Ya sake tarowa, a rabuwa ta biyu ya sake ɓacewa.

Mutum nawa ne za su ga layi ɗaya ya ɓace su ce fim ne ya sami matsala? Hunt ya tsaya a kansa. Ya sa masa suna saikilin, daga kalmar Turanci mai nufin zagayowa, wadda kuma ta yi daidai da hawan keke, abin da shi kansa yake so. Na yi murmushi da na ji haka, ga keken ɗinki ga keken hawa sun haɗu a zance ɗaya. An buga sakamakon a 1983, ba kuma kowa ya rungume shi nan take ba, don a lokacin ba a saba tunanin ƙwaya za ta ɓata ƙarfinta ta ɗinka abu, sannan ta zaɓe shi shi kaɗai ta wargaza cikin mintoci ba.

Sauran guntayen labarin daga yis suka zo, wanda dai ake kwaɓa fulawa da shi da wani ɗan'uwansa. Leland Hartwell da Paul Nurse, kowa a nasa ɓangaren, suka gano wani furotin da in babu shi ƙwaya ba ta rabuwa. Yanzu CDK ake ce wa danginsa. Kamar hatimi yake, yana buga alama a jikin ɗaruruwan ma'aikata, wanda aka buga wa ya san lokaci ya yi: mai naɗe zare ya naɗe, mai rushe bango ya rushe, mai kafa igiya ya kafa. Har mai riƙe hannun nan na wajen hula yana cikin waɗanda ake buga wa, ya saki, shi ya sa ɗinki ba ya mutuwa a farkon rabo. Hatimin kullum yana nan, amma busasshe ne, saikilin ne tawadarsa. A 1987 ɗakin binciken Nurse ya nuna na mutum yana iya maye gurbin na yis ya yi aiki sumul. Su biyun da Hunt suka raba kyautar Nobel a 2001.

Gwajin da ya rufe bakin masu gardama da ƙwan kwaɗo aka yi shi, wani kwaɗon ruwa ɗan asalin kudancin Afirka da ake kiwo a ɗakunan bincike. Duk wanda ya yi wasa a bakin kududdufi da damina ya san ƙwan kwaɗo, baƙaƙen ɗigo cikin yauƙi. Na wannan kwaɗon, da zarar an barbare shi ya fara rabuwa, sai ya riƙa yi kusan duk rabin awa, sau goma sha biyu a jere, har ya zama ƙwayoyi wajen 4,000, bai ƙara girma ba, bai kuma buɗe littafinsa sosai ba. Da guzurin takardun uwa yake tafiya. A 1989 Andrew Murray da Marc Kirschner suka murƙushe ƙwayayen suka tatsi ruwan cikinsu, ruwan nan kuma ya ci gaba da zagayensa a cikin kwalba, yana shiga halin rabuwa yana fita. Suka lalata duk takardun da ke ciki, sai ya tsaya. Suka mayar da takarda iri ɗaya tak, ta saikilin, sai ya tashi. Sannan suka kawo saikilin da aka gutsure wa wurin da mai rushe-rushe ke kamawa. Ruwan ya shiga halin rabuwa lafiya lau, ya kasa fita. Ya maƙale a nan.

Wato shiga rabo ɗinki ne ke kawo shi, fita kuma sai an farke. Yadda ake farkewar ma da tsari: a liƙa wa furotin wata 'yar alama mai suna yubikwitin, a liƙa, a liƙa har ta yi jela, sai wani injin niƙa ya gane shi ya haɗiye, ya tofo guntayen a sake ɗinki da su. Masana uku da suka gano wannan tsari su ma sun sami Nobel a 2004. Mai liƙa alamar a ranar rabo, wanda Emi1 ke riƙewa, ba ya motsi sai kowane zare ya kamu da igiya ta hagu da ta dama. Ko ɗaya ya rage, jira ake. Da ya motsa, abu biyu yake kamawa: saikilin, da wani mai gadin almakashi. Almakashin ya kuɓuta ya datse ɗaurin da ya haɗa kowane zare da kwafinsa, sai ka ga abin da na gani a madubi, rukuni biyu kowa ya kama gabansa.

A nan ne misalin tela ke ɗingishi, gara in faɗa da bakina. Shago yana da oga mai tsawa, mai duba kalanda ya ce Sallah saura kwana goma. Ƙwaya ba ta da shi. Saikilin ne ke taruwa har ya tayar da hatimi, hatimin ya tayar da wanda zai cinye saikilin, saikilin ya ƙare, hatimi ya bushe, zare ya warware, a buɗe littafi, a koma tara saikilin. Kowa yana riƙe da wuyan rigar wani. Na daɗe ina juya wannan a raina a kan hanyar dawowa, har ɗan acaɓa ya yi mini tsawa.

Ba kuma labarin albasa da kwaɗo kaɗai ba ne. Wani ƙiyasi na 2021 ya ce jikin babban mutum yana sauya ƙwayoyi wajen biliyan 330 kowace rana, mafi yawansu na jini, sai na bangon hanji, wanda ke sabuntuwa cikin 'yan kwanaki. Jajayen ƙwayoyin jini kawai, fiye da miliyan biyu ɓargo ke fitarwa a daƙiƙa. Ciwon daji kuma, in an tattara zancensa, ƙwaya ce da ƙulle-ƙullen nan suka kwance mata, tana ɗinki ba ƙaƙƙautawa tana rabuwa ba izini. Shi ya sa da yawan magungunansa masu saurin rabuwa suke bi, su haɗa da na gindin gashi da na cikin baki, gashi ya zube, baki ya yi gyambo. Ɗaya daga cikinsu, binkiristin, daga wani fure ɗan asalin Madagaska ake samunsa, mai ruwan hoda ko fari, irin wanda ake shukawa a gaban ofisoshi akuya ma ba ta cika kula shi ba. Igiyoyin jan zare yake hanawa kafuwa, ƙwayar ta tsaya cak tana jiran abin da ba zai zo ba, irin tsayuwar da masu binciken farko suka riƙa sa nasu ƙwayoyin.

Albasar dai na dawo da ita gida a aljihu, rigata ta kwana tana wari. Uwargida ta so ta yanka ta a miyar dare tun ba ta gama lalacewa ba, na roƙa aka bar mini. Na tsoma gindinta a bakin wani kofin gilashi na ajiye a taga. Saiwar da muka yanke wa kai ta tsaya inda reza ta bar ta, sauran suka ci gaba da sauka har suka taɓa ƙasan kofin suka lanƙwashe. Da ta fitar da kore a sama, autarmu ta mayar da ita wani fasasshen bokiti ta cika da ƙasar bayan gida, kullum da safe sai ta auna tsawon ganyen da tsinken tsintsiya kafin ta tafi makaranta.

Jiya na dawo na tarar an yi wa ganyen aski, saura ɗan tsugunne. Autar tana zaune a bakin ƙofa ta cika ta yi fam.

"Baba, Umma ce ta yanke."

Daga madafa aka amsa, "Lawashi nake nema, ga shi a tsakar gidana, sai in aika kasuwa? Ai zai sake fitowa."